Almakashina da Muryar Yaya

Na Allah ne mu, wurinsa za mu koma, kuma Yaya ta riga ni komawa. Ta rasu ranar Talata da hantsi a ɗakinta da ke saman nawa a unguwar Waziriyya, nan ƙasa mai tsarki, aka yi mata salla bayan la'asar. Ni ne ƙaninta, ni kaɗai na rage cikin waɗanda Inna ta haifa. Saboda haka da aka jera kujerun zaman makoki a bakin layi, ni aka zaunar a ta farko.

Kwana uku ina miƙa hannu, ina shan gahawa ba don ina so ba, ina jin abin da mutane ke faɗa a kanta. Wani tsoho mai sayar da darduma, mutumin Damagaram, ya ce, "Allah ya jiƙan Hajiya mai lalle. Ita ta yi wa 'ya'yana uku ƙunshin aure." Bai san ta da wani abu ba bayan wannan. Wani injiniya ɗan Nijeriya da ke haya a gidan da ke kallon namu ya sunkuyo kusa da kunnena ya ce, "Baba, wai da gaske ne ta yi fim a Masar? Shekara biyu ina gaishe ta, ban sani ba." Jikokina da aka haifa a nan, waɗanda Hausarsu ba ta miƙe ba, suna ta raɗa a tsakaninsu: "Ya'ni Kaka mumassila ce? 'Yar fim?" A sama kuma, matata ta ce wata dattijuwa 'yar Cadi ta yi kuka har aka riƙe ta, tana cewa, "Ita ta koya mini tsayuwa a gaban mutane."

A rana ta uku wani malami da muke salla tare ya ji zancen fim yana yawo, sai ya ɗaga hannu ya ce, "Jama'a, a bar tone-tone. Abin da ta yi da ƙuruciya Allah ya rufe, mu ma mu rufe." Da kyakkyawar niyya ya faɗa, kowa ya ce haka ne. Na fi kowa sanin rufewa, domin ita na yi wa Yaya tun ina saurayi, kuma na ga abin da ta haifar. Karatuna bai yi nisa ba, amma abin da zan rubuta ba ya buƙatar ilimi mai yawa. Gaskiya kawai yake buƙata, ita ce kuma na daɗe ina bi ta gefenta.

Iyayenmu da ƙafa suka zo ƙasar nan, ta Cadi da Sudan, suka yi aikin hajji suka zauna. A unguwar Ammariyya aka haife mu. Baba dako yake yi a tashar jirgin ruwa, Inna kuma ana ɗaukarta dafa shinkafar biki. Yaya ta ba ni shekara takwas, ita ta goya ni, kuma har ta koma ga Allah ba ta taɓa kirana da wani suna ba sai Auta, ko da furfura ta gama cin kaina. Tun tana yarinya ta iya kwaikwayo. Takan yi tafiyar mai gidan da muke haya, ta yi tarinsa, ta yi yadda yake leƙa tukunya, Inna ta yi dariya har ta riƙe ciki tana cewa, "Ke dai Allah ya shirye ki."

Da ta tasa, ta shiga aikin raino a gidan wani likita Bamisire a unguwar Bagdadiyya. Da aikinsa ya ƙare za su koma gida, matarsa ta roƙi Baba a ba ta Yaya na shekara biyu, ya yarda. A can ne wani maƙwabcinsu mai harkar fim ya gan ta tana kwaikwayon uwar gidan a kicin. Suna neman baƙar yarinya da za ta shigo da tiren shayi ta ajiye ta fita. Ta shigo da tiren, ta ajiye, ta yi wa baƙon wani kallo da ba a ce ta yi ba, duk masu aikin suka fashe da dariya. Daga ranar ba ta rasa aiki ba. Zamanin fim baƙi da fari ne, ita kuma kullum dada take fitowa, wato mai raino ko mai aikin gida.

Wani alhaji ne ya kawo wa Baba labari. Baba ya rantse sunanta ba zai ƙara fita daga bakin kowa a gidansa ba, takardarta kuma ba za ta tsallake ƙofa ba. Guda biyu da suka zo, a gabanmu ya mayar wa wanda ya kawo su ba a buɗe ba. Inna ba ta karatu, ba ta kuma musu da Baba.

Ni kuwa Allah ya yi abincina a harkar nake. A lokacin ba a gina gidajen kallo ba. A tsakar gidaje masu faɗi ake kafa farin ƙyalle a jera benci, ana ce musu hosh. Na samu aiki a wani hosh a Bagdadiyya, ni ke tafiyar da makinar haska fim. Fim yakan zo cikin gwangwanaye masu faɗi, kwafi ɗaya tak ga garin duka, ya zaga daga wannan hosh zuwa wancan, har gidajen biki ana hayarsa. Namu ne yake fara karɓa. Da rana nakan zauna kusa da taga in riƙa warware zaren fim ɗin da hannu ina ɗaga shi ga haske. Mai hosh ya ba ni almakashi da kwalbar gam mai warin tsiya, ya ce duk inda na ga sumba ko rawar da ta wuce kima in yanke in haɗe bakin. A wannan duban hoto kawai ake gani, ƙanana kamar farce. Ba a jin murya.

Wata rana ina cikin duba na ga fuskar Yaya. Ta ɗaura ɗankwali, tana riƙe da tsintsiya a bayan wasu masoya biyu. Na san yadda 'yan kallo suke yi in dada ta fito. Nakan ji su daga bayan makina suna ƙyalƙyata dariya, wani ya juyo ya ce, "Ga 'yar garinku nan, ya Takruni." Takruni suke ce wa duk baƙar fata irinmu. Na tuna abokaina, na tuna Baba. Na ɗauki almakashi. Na yanke daga inda ta shigo har inda ta fita, na haɗe, na cusa guntun a aljihu na jefa shi a murhun mai shayi. Ba wanda ya lura, don labarin fim bai taɓa tsayawa a kan mai shara ba.

Bayan wannan da 'yan watanni wani mahajjaci Bamisire ya neme ni har hosh. Ya ce, "'Yar'uwarka ta ji kai ke haska fim a nan, ta yi murna. Ta ce in gaya maka, duk wanda ka gan ta a ciki, ka yi dabara mahaifiyarku ta kalla." Na yi masa godiya. A raina na ce, bayan ta zubar mana da mutunci har tana so a tafa mata. Na ƙara ƙaimi. Duk fim ɗin da ya shigo garin nan da Yaya a ciki, ta hannuna ya bi, kuma ba ta fita daga hannuna ba.

Dabarar da ta nema ba mai wuya ba ce. In an yi hayar makina a gidan biki, ɓangaren mata ake kafa ta, ni ina bayan labule. Inna kuwa sau da yawa tana gidan, tana bayan tukwanenta. Na tuna sau uku da fim ɗin da Yaya ta fito a ciki yana tafiya a bango, Inna tana tsugune ba nisa tana leƙowa, ni kuwa na riga na cire ta tun da rana. Sau ɗaya Inna ta tambaye ni a hanya, ƙasa-ƙasa, kamar Baba yana bayanmu: "Auta, cikin abin nan da kake haskawa, ba ka taɓa ganin 'yar'uwarka ba?" Na ce, "Ban taɓa ba, Inna." Ba ta ƙara tambaya ba. Baba ya rasu, bayan shekara biyu ita ma ta bi shi.

Yaya ta daɗe a can. Ta ce ba ta san adadin fina-finan da ta yi ba, kuma a yawancinsu ba a rubuta sunanta ba. Da talabijin ya zo ta shiga wasannin da ake nunawa kashi-kashi da azumi. A ɗaya daga ciki aka ba ta uwar wani matuƙin jirgin ruwa, da magana mai tsawo, da kuka a bakin kogi. Da wannan take alfahari. Ta auri wani direba ɗan Sudan, ba su haihu ba. Da ya rasu, aiki kuma ya ja baya, ta zo umra ta ƙi komawa. Lokacin an daɗe da rufe hosh-hosh, ina aikin gyaran fanka da rediyo. Kafilina, Balaraben da nake zaune a ƙarƙashin sunansa, mutumin kirki ne, ya tsaya mana har ta samu iƙama, takardar izinin zama.

Ranar da ta iso, bayan an ci abinci yara sun watse, ta riƙe hannuna ta ce, "Auta, Inna ta ji?"

Ban gane me za a ji ba. Amma na ga yadda take kallona, sai na ce, "Ta ji, Yaya."

"Me ta ce?"

"Ta yi kuka. Ta sa miki albarka."

Ta rufe fuska da mayafi ta daɗe. Da ta buɗe ta ce, "Halas. Shi ke nan abin da nake nema." A ranar ta ba ni labari. Masu shirya fim sukan ce mata in tana shara ko wanke-wanke ta riƙa gunguni da yarenta, kowace irin magana, tunda ba mai ganewa. Ita kuwa da aka hana takardunta shiga gida, sai ta riƙa yi wa Inna magana ta nan. Ina zaune ina gyaɗa kai kamar na sani. A nan ya kamata in faɗi gaskiya. Ban faɗa ba, kuma kowace shekara faɗar tana ƙara nauyi. Takan tambaye ni, "A wanne ta fi dariya? Wanda na fasa kwano?" In ce shi ne. "Ta ga na yi ƙiba?" In ce ta gani. Shekara arba'in ina ƙera wa Inna maganganun da ba ta yi ba.

Mutanen Waziriyya da lalle suka san ta, da turaren wuta. Amma 'yar wasa ba ta fita daga jikinta ba. Duk ɗakin da ta shiga sai ta fara duba inda haske yake faɗowa, can za ta zauna. In ana kallon wasa a talabijin ba ta barin kowa ya ji daɗi. "Wannan kukan albasa ne," in ji ta. "Dubi kafaɗarta. Mai kukan gaske kafaɗa ke fara yi." In ranta ya ɓaci, Larabcin Masar ne yake fara fitowa kafin Hausa ta biyo baya.

Matan layi sukan hau wurinta in suna da zuwa ofis kan takardu, ko za su fuskanci kafili mai zafi. Sai ta zauna a bayan teburin lalle ta haɗe rai ta zama ma'aikacin, ta ce, "Yalla, shigo." Matar ta shigo tana rawar jiki. "A'a, koma. Ba sata kika yi ba. Ɗaga haɓa. Takardar a hannun dama, ki faɗi abin da ya kawo ki da jimla ɗaya, ki yi shiru. Shirun ne yake sa a saurare ki." Sai an maimaita sau biyar ko shida. Dattijuwar nan 'yar Cadi da ta yi kuka a wurin makoki, haka aka yi da ita lokacin da aka tsare ɗanta, ta je ta yi magana aka saurare ta. Yaya ba ta taɓa karɓar ko kwalin shayi a kan wannan ba.

Faɗa ɗaya muka yi mai girma, lokacin auren babbar 'yata. Dangin ango mutanen Makka ne masu ji da kansu. Na hau na ce, "Yaya, don Allah in sun zo kada a yi zancen Masar."

Ta ajiye mazubin lalle ta dube ni daga sama har ƙasa. "Ni aikatau na ƙarya na yi, Auta. Rabin matan layin nan na gaske suke yi, ba ka ji kunyarsu ba. Ni ce abin ɓoyewa?"

Na ce ba haka nake nufi ba.

"Inna da kanta ta gan ni da tsintsiya ta sa mini albarka. Kai wane ne?"

Na sauko. Ta yi wa amarya ƙunshi mafi kyau da aka gani a layin, ta zauna a bikin ba ta ce uffan ba. Ni na samu abin da na nema, ita kuma ta kare kanta da ƙaryar da na yi mata.

Bara, bayan ƙafafunta sun daina ɗaukarta, wata jikata da ke kwana wurinta ta yi ta bincike a waya har ta samo ɗaya daga cikin tsofaffin fina-finan. Ta kira ni da rana tana murna: "Jaddi, ta'al, zo ka ga Kaka." Na hau na zauna a bakin gado. Ga ɗakin, ga masoyan biyu, ga Yaya a bayansu da tsintsiya. Wurin da na fara yankewa ne, na gane shi kamar jiya. Jikata ta ƙara murya. Ƙarƙashin Larabcin masoyan, wata yarinya tana shara tana cewa da Hausar gidanmu:

"Inna, ni ce. Ina nan lafiya, ina salla, ina azumi. Ki dubi hannuna, ina cin abinci. Ki ba Baba haƙuri. Auta, na san kana jina, ka kula mini da ita."

Yaya tana murmushi tana bin maganar da leɓe. Ni kuwa kafaɗata ce ta fara. Ta gani, ba abin da take rasa gani a jikin mutum. Ta ce wa jikata ta sauka ta haɗo shayi.

Na ce, "Yaya, yau na fara jin wannan."

Na gaya mata komai, taga da almakashi da murhun mai shayi, da tambayar Inna a hanya. Ba ta katse ni ba.

"Guda nawa?"

"Duk wanda ya shigo garin nan."

"Albarkar fa?"

"Ni na ƙirƙira."

Ta juya fuska ga bango. Wata biyu ba ta yi mini magana ba. Nakan hau kullum bayan la'asar in yi sallama, ta amsa sallamar don wajibi ce, sannan ta yi shiru. In zauna a kujera har a kira magariba in sauko. Ina tsoron ɗayanmu ya mutu a haka, kuma ba ni da bakin roƙo.

Wata Juma'a na hau, na tarar an tayar da ita zaune an jingina ta da matashi. Ta ce, "Ashe kai ne ɗan wasan gidanmu. Shekara arba'in kana yi a gabana ban kama ka ba. Da kai aka kai Masar da mun yi arziki."

Na durƙusa na ce ta yafe mini.

"Tashi, gwiwarka ba ta da lafiya. Nawa haƙƙin na yafe, duniya da lahira. Na Inna ba nawa ba ne, ba ni da ikon yafe shi. Wannan kai da ita ne." Ta numfasa. "Yanzu abu ɗaya nake so. Ka kwashe mini duk abin da nake riƙe da shi. Ka ba ni ɗaya na gaskiya, komai ƙanƙantarsa. In babu ka ce babu."

Na yi tunani na daɗe, don na saba da ƙirƙira har ina tsoron bakina. Sannan na tuna. Na ce, "Duk ƙaramar salla, in Inna ta yanka wa kanta zane, takan yanka biyu. Ɗayan ta naɗe ta sa a ƙasan akwati inda Baba ba ya dubawa. Da ta rasu na tarar da su a jere, ba wanda aka taɓa ɗaurawa. Na san naki ne. Na ba da su sadaka ban gaya wa kowa ba."

Can ta ce, "Wane launi?"

"Shuɗi. Kusan duka shuɗi."

"Ta san ba na son shuɗi," in ji Yaya. "Tun ina yarinya muke wannan rigimar da ita." Ta fara dariya, dariyar ta juye, ta kama hannuna ta riƙe da ƙarfin da ban san ya rage mata ba. Ba ta sake ni ba har aka kira salla.

Wata bakwai ta ƙara bayan wannan. Ba ta ƙara tambayata komai a kan Inna ba, ni ma ban ƙara mata ko kalma ɗaya a kan abin da na sani ba.

Allah ya haskaka kabarin Yaya, ya karɓi sallarta da azuminta, ya saka mata da alherin matan da ta tsayar da ƙafafunsu. Ya haɗa ta da Inna a inda ba mai shiga tsakaninsu. Wanda ya karanta wannan ya yi musu addu'a su biyu. In ya rage masa wani abu, ya roƙa mini Allah ya sanyaya zuciyar Inna kafin in isa gabanta, don shekaruna sun yi nisa, kuma har yau ban san abin da zan ce mata ba.